Limamin Wata Biyar

Malam Hamisu na Ƙofar Galadima ya shekara hamsin yana kwafar littattafai da alƙalamin kara, kuma duk unguwar an san mutum ne mai sanyin hali, sai dai in an ambaci Malam Zulkiflu. Nan ne za ka ga ya ajiye alƙalami ya fara gyaran murya.

Da aka gama sabunta masallacin unguwarsu, 'yan kwamiti suka ce a sassaƙa sunayen limamansa a jikin dutse, a kafa a bakin ƙofa ranar buɗewa. Tsohuwar takardar sunayen tana gafakar Malam, amma ta tsaya a kan kakansa. Waɗanda suka biyo baya shi zai rubuta, kuma mai sassaƙa yana jira ranar Laraba.

Wurin Zulkiflu ne abin ya tsaya. Lokacin Hamisu yana ɗan shekara goma sha biyu, mahaifinsa, wanda shi ne liman, ya kwanta jinya a asibitin Wusasa. Na'ibinsa Zulkiflu ya bi gida-gida ya tara dattawa, aka naɗa shi liman. Da tsohon ya samu sauƙi, Hamisu ya gan shi da idonsa yana jan ƙafa zuwa sahun baya, yana bin Zulkiflu, ɗalibin da shi ya karantar da bakinsa. Daga baya hakimi ya mayar wa mai abu abinsa. Zulkiflu ya rasu ba a ga-maciji tsakanin gidajen biyu, bai bar kowa ba sai 'ya ɗaya, Batul, wadda yanzu tsohuwa ce a lungun bayan masallaci.

“Malam, a tsallake shi kawai,” in ji shugaban kwamiti. “Wata biyar har wani limanci ne? Wa ma zai tambaya?”

Maganar ta yi wa Malam Hamisu daɗi ƙwarai.

Ranar Litinin da hantsi 'yarsa Ibtisam ta shigo zaure da kwamfutarta, don a nan ne iska take. Malama ce a jami'a, kuma digirinta na uku a kan tsofaffin kundayen sarakunan Sikotland take yi. Uban ya daɗe yana tsokanarta a kai.

“Har yanzu kina fama da sarakunan ƙasar sanyi? Namu na Zazzau sun ƙare ne?”

“Baba, zo ka ga abokin sana'arka,” ta ce tana juyo masa da hoton wani shafi. “Malamin coci ne, ɗaruruwan shekaru da suka wuce. A fatar maraƙi ya yi rubutun nan.”

Malam ya gyara tabarau don ya samu abin kushewa. Ko harafi ɗaya na Latin, harshen rubutun, bai sani ba, amma hannu ya sani. Ya matso, ya ƙara matsowa, har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Layukan a miƙe suke, tazararsu ɗaya. Ya nuna inda marubucin ya sake fiƙe alƙalami, da inda tawada ta yi masa ruwa, da inda ya manta kalma ya dawo ya maƙala ta a gefe da 'yar alama, daidai yadda shi ma yake yi.

“Kai! Wannan ya zauna gaban malami,” ya ce. “Me yake faɗa?”

“Jeri ne kurum. Wane ɗan wane, ya yi sarauta shekara kaza, ya mutu a wuri kaza. Farkon tarihin sarautarsu kusan duk a kan irin waɗannan 'yan layukan ya rataya. Ba kuma duka ake yarda da su ba. Wani ya kwafa daga wani ya yi kuskure, shekaru suna saɓawa, wasu ma daga baya sun ƙaro sarakuna a can sama don asalinsu ya yi tsawo lokacin da suke jayayya da Ingila. Aikina shi ne in jera kwafi da kwafi in ga inda suka haɗu.”

Malam ya gyaɗa kai. Wannan ya san shi, ya sha ganin malamin da ya ja salsalarsa har sai da ta haye teku. Sai yatsansa ya tsaya a wani gajeren layi.

“Wannan fa? Ya fi sauran gajarta.”

“Lulach sunansa. Watanni kaɗan ya yi aka kashe shi, kuma zuriyar wanda ya kawar da shi ce ta riƙe sarauta bayan nan. A ƙarƙashinsu aka yi ta kwafar jerin. Har laƙabin wawa suka yi masa.”

“Amma sun rubuta shi.”

“Sun rubuta shi. Abin da ya sa nake girmama su ke nan, Baba. Da sun share shi, babu mai kama su. Sai mu da muka zo baya mu tarar da rami, mu yi ta lalube ba mu san mutum ne ya faɗa ciki ba.”

Ibtisam ba ta san komai game da maganar dutsen ba. Ta juya kwamfutarta ta ci gaba da aikinta. Malam kuwa ya ji kunya ta lulluɓe shi tun daga kai har ƙafa. Wani bawan Allah a ƙasa mai nisa, ba addininsu ɗaya ba, ba harshensu ɗaya ba, ya riƙe amanar alƙalami a kan mutumin da iyayen gidansa ba sa so. Shi kuma ga shi nan, da shekara hamsin a sana'a, yana murna an ba shi izinin ha'inci.

Ya jawo takarda ya rubuta sunan mahaifinsa. Ya rubuta Zulkiflu a ƙasa. Sai ya tsaya cak. Ɗan wane? Ya shekara sittin yana jin haushin mutumin nan, ashe ko sunan ubansa bai sani ba. Wata biyar ɗin ma a bakin mutane ya ji.

Ya ɗauki takarda da alƙalami da kurtun tawada ya zura takalmi.

“Baba, ina zuwa da tawada?”

“Neman tushe, irin naku.”

Lungun bai fi taku ɗari ba, amma rabonsa da shi tun yana yaro. Ya yi sallama sau uku kafin Hajiya Batul ta leƙo zaure tana dogara sanda. Da ta gane shi fuskarta ta ɗaure. Labarin dutsen ya riga ya iso mata, da abin da kwamiti ya yanke.

“Malam Hamisu? Lafiya dai? In don maganar nan ce, na ji. Ban kai ƙara wurin kowa ba.”

“Hajiya, tambaya na zo yi. Sunan mahaifin Malam nake so, da tsawon limancinsa. An ce wata biyar.”

Ta dubi takardar da ke hannunsa. Sannan ta lalubi dakali ta zauna.

“Zulkiflu ɗan Suhaibu,” ta ce a hankali. “Kuma ba wata biyar ba ne. Wata biyar da kwana goma sha ɗaya. Ni nake wanke masa farar rigar.”

Malam Hamisu ya durƙusa a ƙasan zauren, ya ɗora takardar a gwiwarsa, ya tsoma alƙalami. Ya rubuta sunan, ya rubuta watannin, ya rubuta kwanakin, bai rage ko ɗaya ba. Ya hura tawadar ta bushe ya miƙa mata.

“Idona ya tafi,” ta ce. “Karanta mini. Tun ranar jana'izarsa ban ƙara jin wani ya kira shi liman ba.”