Zagaye na Biyar

"Karanta min wannan," in ji Mai Keke, ya turo min wayarsa a kan bargo.

Jerin katunan da aka hana bugawa ne a gasar Asabar. Da harshen ƙasar da ake yin katin yake fitowa, shi kuma bai iya ba. Ni na iya, shi ya sa yake kirana Tafinta tun kafin in tafi karatu. Shekara tara na yi a waje. Na dawo na tarar bangon da ya raba gidanmu da nasa ya tsage, shi kuma ciwon zuciya ya kwantar da shi, ƙafafunsa sun kumbura ba sa shiga takalmi.

Na bi jerin da ido. Na huɗu shi ne katin da yake kira Rijiya.

"Akwai katina a ciki?"

Na dubi ƙafafun nan.

"Babu," na ce.

Ya riga ya zaro wani kati rabi daga aljihun rigarsa. Ya tsaya. Ya mayar da shi a hankali, ya danne aljihun da tafin hannu.

Gyaran keken ɗinki ne sana'arsa. Ƙarƙashin gadon cike yake da kawunan kekunan da masu su ba su dawo ba, ɗakin yana warin man keke da magani. Ɗaurin katinsa, guda sittin, yana cikin gwangwanin biskit a gefen filo. Shekara goma sha huɗu bai sauya shi ba. Da yake bai iya karanta sunayen ba, ya raɗa musu nasa daga hotunan: Tsohuwa, Rijiya, Mai Fitila. In ukun nan suka haɗu a tebur, an gama. Tsohuwa ta faɗa Rijiya, Rijiya ta dawo da ita, duk dawowa Mai Fitila ya sari abokin karawa sau ɗaya, haka har ya faɗi. A zagaye na huɗu yake kammalawa. Da wannan haɗin ya ci kofi biyu, suna kan kabad, ɗaya cike da allurai. In babu Rijiya, sauran takarda ce kawai.

"Kai da ka karanto lissafi," ya ce, "gaya min. Har yanzu yana ci?"

"Yaran yanzu a na huɗu suke gamawa. Kai ma a na huɗu. Wanda ya riga farawa shi ke ci ke nan."

"Yaran yanzu." Ya yi dariya ta koma tari. "Katinsu sai ƙyalli kamar ledar alewa. Ko rarrabawa ba su iya ba."

Matarsa, wadda duk layin ke kira Goggo, ta shigo da ruwa da ƙwayoyi uku a murfin kwalba.

"Malam, likita hutu ya ce, ba gasa ba."

"Ai a zaune ake bugawa."

"A zaunen ma numfashinka kamar tsohon keke. Kai kuma," ta juyo kaina, "duk karatun da ka yi ba a koya maka hana mara lafiya surutu ba?"

Ya haɗiye ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya. Da ta fita ya ce, "In ban tashi ba, kai za ka buga min."

"Za ka tashi, Baba."

Ya daɗe yana kallona.

"Wannan ma fassara ce?"

Na gyara masa filo na fita. Ranar Talata ke nan.

Laraba ban shiga ba. Na ji tarinsa ta tsagar bango, na ce gobe. Alhamis da hantsi ina wanke kwano Goggo ta kira sunana sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Na tarar ta riga ta rufe masa ido. Fanka tana juyawa, kwalbar ruwan ta faɗi, ruwan ya gangara ƙarƙashin gado tsakanin kekuna. Na kashe fankar. Ban san abin da ya sa ba.

Kafin la'asar an kai shi.

Ranar Asabar da safe ta miƙo min gwangwanin ta ƙofa.

"Ya ce kai ne."

Na ɗauka ne don in je in gaya musu ya rasu, su ƙi ɗaurin saboda Rijiya, in dawo. A bayan shagon katin ake gasar, tebur takwas, kujerun roba. Mai shagon shi ne alƙali, kowa sai ya duba masa ɗauri kafin ya zauna. Ya yi min ta'aziyya, ya buɗe gwangwanin, ya bi katunan da babban yatsa har ƙarshe.

"Lafiya lau. Tebur na uku."

"Rijiya fa?"

"Wace Rijiya? Ai ya cire ta. Ranar da jerin ya fito, mako uku ke nan, ni na buga masa waya. Ya aiko Goggo ta karɓar masa wannan." Ya zaro wani kati mai hoton tsani jingine a bakin rami. Gefensa ɗaya ya lanƙwashe kamar abin da ya kwana a aljihu. "Na karanta masa rubutun, na ce ina ganin zai yi aikin Rijiya, sai dai a makare da zagaye ɗaya. Ya ce bai yarda da fassarata ba, wai ina haɗiye kalmomi. Ya ce sai Tafinta ya duba, shi ba ya rage komai. Bai nuna maka ba?"

"Ya so ya nuna min," na ce.

Na karanta a tsaye. Layi huɗu ne. Mai shagon ya yi daidai. Da na faɗi gaskiya ranar Talata, minti ɗaya ya isa in gaya masa.

Wasa biyar na buga. Uku an gama da ni a zagaye na huɗu, ina riƙe da Tsani a hannu ban samu ajiye shi ba. Ɗaya na ci, don abokin karawar ya yi kuskure. A na ƙarshe wata ma'aikaciyar asibiti ce, ta zo da kayan aikinta a jiki. Katin da take jira bai fito mata ba, aka shiga na biyar. Na ajiye Tsani. Tsohuwa ta faɗa, ta hau, Mai Fitila ya sara. Ta faɗa, ta hau, ya sara.

Matar ta jawo katin gabanta ta karanta, ta yi dariya.

"Kai! Wannan tsohon haɗin? Yana nan da rai?"

"Ga shi," na ce.

Da na dawo na sami Goggo a ɗakinsa. Ta ninke bargon, ta jawo kekunan waje tana goge musu ruwan da ya bushe a jikinsu.

"Ya ci?"

"Biyu cikin biyar."

"Da yawa ne ko kaɗan?"

"Kaɗan ne, Goggo. Amma yana aiki."

Ta gyaɗa kai. "Da na cire masa rigar na ga ɗaya a aljihu. Na mayar cikin 'yan'uwansa. Ban ɓata komai ba ko?"

"Ba ki ɓata ba."

Na zauna a bakin gadon, wajen da na zauna ranar Talata. Na buɗe gwangwanin, na nemo mai lanƙwasar. Na ɗaga shi wajen hasken taga na fara fassarawa a fili, daga layin farko, kalma bayan kalma. Goggo ba ta ɗago ba. Ta ɗiga mai a wuyan wani keke, ta juya hannunsa, allurar ta sauka ta hau babu zare.