Wanda Ya Murɗa Notin

Tun kafin su kai gareji Baban Dogo ya fara jin warin. Wari ne irin na tsumman da ya ƙone, yana tasowa daga ƙarƙashin kujera. Ɗansa Dogo ne a kan sitiyari. Yana taka totur, inji yana ihu kamar zai fashe, amma motar sai tafiyar hawainiya take. Da ƙyar ta hau ɗan tudun da ke bakin ƙofa.

Shekara ashirin da biyu Baban Dogo yana jan wannan tsohuwar gingimari ta wani siton kayan gini. Shi ya roƙi Manaja aka ɗauki Dogo direba na biyu, wata biyar da suka wuce, a satin da matar Dogon ta haihu. Yau uba ya ja, gobe ɗa. To a cikin wata biyar ɗin nan, wannan ne karo na biyu da kuloci ya ƙone. Da safe Manaja ya faɗa a gaban 'yan lodi kowa yana ji: in bakanike ya ce laifin direba ne, Dogo ya ajiye makulli.

Sun tarar Manaja ya riga su isowa, yana tsaye a inuwa yana kare farar rigarsa daga baƙin mai. Bakaniken kuwa, wanda ake kira Mai Kunne don da sauraro yake gane ciwon mota, yana goge hannu da tsumma.

"Tsohuwa ta dawo ke nan?" in ji shi. "Wannan mota ta fi matata son ganina."

Ba wanda ya yi dariya.

Mai Kunne ya hau, ya ja birkin hannu, ya sa giya ta huɗu, ya saki kuloci a hankali. Lafiyayyar mota a nan take mutuwa. Wannan kuwa injinta ya ci gaba da ruri abinsa, warin ya ƙaru. Ya kashe.

"Farantin kuloci ya tafi."

"Na san ya tafi," in ji Manaja. "Wanda ya kashe shi nake nema. Na farko ka ce tsufa ne. Wannan fa, da ko wata uku bai yi ba?"

"Yallaɓai, a bar ni in tambaye ta. Mota ba ta ƙarya."

Ya sauko, ya sunkuya ta ƙofar direba, ya danna fedar kuloci da tafin hannu. Ya sake dannawa. Sai ya ɗaure fuska.

"Ina wasan fedar nan? Da hannuna na bar mata wasa na faɗin yatsa biyu kafin ta fara kamawa. Yanzu ko na gashi babu. Feda in ba ta da wasa, kamar mutum ya ɗora ƙafa ne a kanta dare da rana. Faranti ba ya kama sosai, sai ya yi ta zamewa har ya cinye kansa."

Ya jawo kwali ya shige ƙarƙashin motar.

Baban Dogo ya bi shi da kallo. Ya san abin da Mai Kunne zai gani. Tun bara gwiwarsa ta hagu take ciwo, ya ɓoye wa kowa. Sabon kulocin da aka sa yana da tauri, sai ka kai feda har ƙasa giya take shiga. A cunkoso, tun kafin azahar ƙafar take fara rawa. Wata rana 'yan lodi sun tafi cin abinci, ya shiga ƙarƙashin motar da sifana, ya murɗa notin sandar kuloci sau huɗu. Daga ranar, taɓa feda kaɗan ya isa. Ya ce a ransa sati ɗaya ne, gwiwa ta huce ya mayar. Gwiwa ba ta huce ba.

"Kai Dogo, miƙo mini fitila," in ji Mai Kunne daga ƙasa.

Dogo ya miƙa masa. Ba abin da ake ji sai ƙarar guduma daga can ƙarshen gareji. Da Mai Kunne ya fito, bai kalli kowa ba.

"Duk notin da na ɗaure, jan fenti nake ɗiga masa. Fentin ya rabu biyu. Zare huɗu sabbi fil suna ƙyalli. Ba ƙafa ba ce, yallaɓai, hannu ne. Wani ya murɗa."

Manaja ya juya kan Dogo. "To, sabon injiniya. Direba na ɗauke ka ko mai gyara? Ubanka shekara ashirin da biyu bai taɓa kwance mini ko ƙusa ba."

Dogo ya dubi ubansa. Ba fuskarsa ya duba ba, gwiwar ya duba, kallo ɗaya, ya kau da kai. A nan Baban Dogo ya gane ashe ɗan nan ya daɗe da sani. Yaron ya ga yadda uban yake saukowa daga mota da baya, ƙafar dama a gaba.

"Ni ne, yallaɓai," in ji Dogo. "Fedar ce ta yi mini tauri."

"Madalla. Kawo makullin."

Dogo ya sa hannu a aljihu. Baban Dogo ya dubi hannun ɗansa. In ya yi shiru, gobe shi ne a kan sitiyari kamar kullum. Sai ya tuna ɗaki ɗayan da Dogo yake haya, da jaririyar da ke kwana a kan tabarma kusa da buhun gawayi.

"Ƙarya yake yi, ranka ya daɗe."

"Baba!"

"Rufe mini baki. Kai da ko inda notin yake ba ka sani ba." Ya juya ga Manaja. "Dubi tsawon ƙafar yaron nan. Wace feda ce za ta yi masa tauri?"

Ya jingina da taya, ya naɗe ƙafar wandonsa. Gwiwar ta kumbura ta yi suntum, ɗaure da tsohon bandeji da ya yi baƙi.

Mai Kunne ya ja tsaki mai tsawo. "Haba dattijo! Da ka zo ka gaya mini. Shekara nawa muna tare?"

"Da na gaya maka, da ka gaya masa."

"Da na gaya masa kuwa. Ranar da ƙafar nan ta ƙi a gangara, da tan goma a bayanka, wa za ka bai wa haƙuri?"

Manaja ya daɗe yana kallon gwiwar. Da ya yi magana, muryarsa ta sauka.

"Ba zan sake sa ka a kan titi da wannan ƙafa ba. Ka sani."

"Na sani."

"Kawo naka makullin."

Baban Dogo ya kwance shi daga igiyar wuyansa. Igiyar ta ƙi kuncewa, sai da ya sa haƙori. Manaja ya karɓa, ya juya shi a hannu, ya miƙa wa Dogo.

"Riƙe biyun. Shi kuma ya zo sito gobe, mu ga ko akwai abin da zai yi daga zaune. Ban yi alkawari ba."

Har la'asar ana aiki. Aka sauke giyabos, aka ciro farantin, ya yi sumul kamar bayan cokali, gefensa shuɗi don zafi. Aka sa sabo, da sabon boris. Baban Dogo yana zaune a kan tsohuwar taya yana kallo, ba wanda ya ce ya riƙe ko fitila. A ƙarshe Mai Kunne ya daidaita notin, ya auna wasan feda da yatsunsa biyu, ya ɗiga jan fenti.

Dogo ya tayar da mota. Giya ta shiga lakadan. Uban ya zagaya ta ɗaya ƙofar, ya hau a hankali.

Suka hau titi. Da suka doshi mararraba, Dogo ya rage gudu zai canja giya, sai ya ga ƙafar ubansa ta hagu ta ɗaga da kanta ta taka dandamalin mota, inda babu feda.

"Baba, gobe da safe asibiti za mu fara zuwa."

"Kalli hanyarka," in ji Baban Dogo. "Kuma ɗauke ƙafarka daga kan kulocin nan."