Gishirin Yana Can

Wata biyar ke nan Damaris tana rufe teburin tumatirinta a Makera tun kafin la'asar, ta tari Keke Napep, ta sauka a gadar kogin Kaduna ta tsaya tana kallon ruwa. Masu Keken layin har sun daina tambayarta inda za ta. Kowa ya san abin da take jira, ba dai mai ƙarfin halin yi mata magana.

'Yarta Hadassah ta karanci ilimin teku a Kalaba. Dangi sun sha dariya, wai yarinyar da ko rafin ƙauye ba ta iya tsallakewa ita ce za ta auna teku. Ta kuwa auna, don ta samu aiki a wani ƙaramin jirgi mai gwada gishiri da sanyin ruwa. Wata Talata jirgin ya kife. An tsamo mutum huɗu, ba a ga Hadassah ba.

A ƙauyensu, can bayan Zonkwa, ba a barin mamaci a waje. Ko a Legas mutum ya mutu, sai an kawo shi ya kwanta kusa da kakanninsa. Da dattawa suka gaji da jira, suka ce a sa rigarta a akwati a binne ranar Asabar. Monday, mijin Damaris, ya yarda. Ita kuwa ta ce sai dai a haɗa da ita a ramin.

Tana da hujjarta. A Kirsimetin ƙarshe, suna gyaran shinkafa, Hadassah ta ce mata, "Mama, ruwan teku ba ya zama wuri ɗaya. Zagayawa yake yi, ya koma inda ya fito." Damaris ba ta taɓa ganin teku ba, amma ta san kogin Kaduna yana shiga kogin Neja, shi kuma yana shiga teku. In ruwa yana komawa inda ya fito, to ta wannan gadar zai biyo da 'yarta.

Ranar Alhamis Monday ya lallaɓa ta zuwa Unguwar Boro, gidan Malam Albert, tsohon malamin da ya koya wa Hadassah labarin ƙasa a sakandare. Ta tafi ne don ta ji ya gaskata ta.

Malam Albert bai yi gardama ba. Ya cika farin bokiti da ruwan randa, ya ɗauko ruwan firji a kofi, ya zuba masa gishiri da 'yar bular wanki, ya tsiyaya a hankali daga gefe. Shuɗin ruwan ya gangara ƙasa, ya shimfiɗe a gindin bokitin yana rarrafe.

"Maman Hadassah, yarinyar nan ba ta yi miki ƙarya ba," in ji shi. "Ruwa mai sanyi da gishiri ya fi nauyi. Nutsewa yake yi, ya bi ƙasan teku ya zaga duniya, sannan ya taso."

"Yauwa! Ka ji ko, Baban Hadassah? To yaushe zai taso, Malam?"

Tsohon ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

"Kamar shekara dubu. Kuma a cikin tekun yake zagayensa. Kogi gangarawa kawai ya sani, ba ya hawowa."

Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi. Ta ji haushinsa, ta ji haushin bokitin, ta ji kunyar wata biyar da ta yi a kan gada mutane suna kallonta suna kau da kai.

"Wato babu abin da ke zuwa mana daga can," ta ce.

"Sai ruwan sama. Rana tana ɗaga ruwan teku, iskar damina ta turo shi har nan. Amma ruwan kaɗai ke tashi. Gishiri da duk abin da ke ciki suna zama can."

Suka hau Keke suka koma gida.

Washegari ba ta fita kasuwa ba, ba ta je gada ba. Ta buɗe akwatin Hadassah ta ciro rigar mawaƙan coci, fara mai jan wuya. Da hadari ya haɗo daga kudu wajen azahar, matan gidan haya suka fito a guje suna kwashe shanya, ita kuma ta fito tana shanya tata.

"Maman Hadassah, ruwa fa!" in ji wata maƙwabciya.

"Na gani."

Ruwan ya sauko da ƙarfi. Ta tsaya a tsakar gida har rigar ta jiƙe sharkaf, sannan ta tara hannu, ta kai baki ta ɗanɗana. Salam, ko alamar gishiri babu. Malam bai yi ƙarya ba shi ma.

Ta cire rigar daga igiya, ta ninke ta da ruwanta ba ta matse ba, ta shiga ɗaki inda Monday yake zaune ya zuba tagumi. Ta ɗora masa ita a cinya.

"Iyakar abin da aka aiko mana ke nan," ta ce. "Kira ƙauye, ka ce su haƙa."