Sanarwar Rasuwar Yaya Mutaru

Ludayin miya na hannuna lokacin da na ga gonar Yaya Mutaru a waya. Gonar dai ba a ganinta. Ruwa ne jawur ya shafe komai, sai kawunan itatuwa da jinkar wata bukka tana juyawa a tsakiya. Wani saurayi ne ya ɗauki bidiyon daga kan gada, yana ihu. A ƙasa an rubuta cewa an saki ruwan madatsar ƙetaren iyaka, kogi ya haura gonakin Binduri.

Yaya Mutaru wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar iyayenmu har ya aurar da ni a Salaga. Gidansa da rumfar hatsinsa a Bawku suke, amma da zarar masara ta nuna sai ya tare a gonarsa ta Binduri, a bakin kogi. Na kira lambarsa na ji ta a kashe.

Na bar wa maƙwabciyata tukunyar wake da shinkafa na ruga tasha. Direbobi suka ce ruwa ya yanke hanyar Bawku, ba motar da za ta tashi. Waya kaɗai ta rage min, na kuwa manne mata. Wata mata ta ba da labarin yadda ta ɗora jaririnta a kwano ta tura shi gabanta cikin ruwa. Wani malamin makaranta ya nuna aji cike da mutane da kaji. Ina bin kowace fuska da yatsa, ko zan ga tasa.

Da la'asar saƙon murya ya shigo daga Mikaila, mai kwalekwale, abokin Yaya. "Sista Atikatu, mun fitar da mutane da yawa. Mutaru ya koma kwance awakin shi, ba mu gan shi ba tukuna. Gobe za mu bi wajen manyan itace na ƙasa." Wannan "tukuna" ɗin shi na riƙe.

* * *

Washegari da hantsi na ga hoton Yaya. Hoton Sallah ne, yana dariya, an ɗora masa Inna lillahi a ka. Jalil ne ya sa, ɗan gwaggonmu da ke sayar da kayan waya a Yendi. Yana da shafi mai tarin mabiya, kuma ba abin da ya tsana kamar a riga shi ba da labari. Ƙafarsa ba ta taɓa taka Binduri ba. Ƙarƙashin hoton ya jingina bidiyon wasu maza suna jawo gawa daga ruwa, fuska a kife.

Nan take na kira shi.

"Jalil, wa ya gaya maka Yaya ya rasu?"

"Sista, bidiyo na nan ai. Kowa ya gani."

"Ka ga fuskarsa?"

"Rigar shi ne, shuɗi."

"Rabin mazan Bawku shuɗiyar riga suke sawa! Ka goge shi yanzun nan."

"Ya riga ya tafi, Sista. In ban sa ba, wani zai sa. Gara dangi ya sa."

Ya tafi ɗin kuwa. Kafin azahar mutanen da ba su taɓa sayen ko mudu ɗaya a rumfarsa ba suna rubuta cewa mutumin kirki ne. Wani ya ce shi da idonsa ya ga an binne gawar a bakin kogi saboda ta lalace. Ba wanda ya tambaye shi ko shi wane ne. Na rubuta cewa ba a tabbatar ba, a ci gaba da nema, amma maganata ta nutse cikin "Allah ya jiƙan shi" kamar tsakuwa a rijiya.

Na kira Kawu Razak, babbanmu a Bawku. Ta cikin wayar ina jin hayaniyar masu gaisuwa.

"Kawu, ba wanda ya ga fuskar nan. A roƙi su Mikaila su koma."

"Atikatu, gida ya cika, liman ya zo, an sa ranar sadaka. In kori jama'a? Kada zafin rashi ya sa ki jayayya da hukuncin Allah."

Da hukuncin Allah ban taɓa jayayya ba. Da Jalil nake yi, da babban yatsansa. Amma mace mai kuka daga nesa, wa zai saurare ta? Mikaila ma da na same shi a waya, cewa ya yi an ce an samu Mutaru, ga kuma wasu mutanen a wani gefen suna jiran kwalekwale. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, har abinci ya gagare ni.

* * *

Da hanya ta buɗe na shiga motar farko. Na isa Bawku an riga an yi sadaka, an kwashe rumfa. Amma na tarar da sabon taro a ƙofar gida, da makara a jingine.

Ruwa ne ya janye a safiyar, aka samu Yaya a kan wani ɓaure, can ƙasa da gonarsa. Ya ɗaure ƙugunsa a reshe da igiyar awaki. Ganyen da hannunsa ke iya kaiwa duk ya tsige ya ci. Mai wankan gawa ya ce jikin bai daɗe da sanyi ba. Rigarsa fara ce.

Mikaila na tsugune a gindin katanga. Da ya gan ni ya rufe fuska da hula.

"Sista, na ji shi."

"Ka ji wa?"

"Ranar sadaka, da yamma, ni da ɗan'uwana mun wuce ta wajen. Wani murya daga cikin itace yana kira, Mikaila, Mikaila. Muryan shi ne, walahi. Ɗan'uwana ya ce mutumin da an binne, an yi mishi addu'a, in ya kira ka a cikin ruwa kar ka amsa. Muka juya."

Ban zage shi ba. Na waiga na ga Jalil a bayan jama'a, ya zo daga Yendi, kansa a sunkuye kan waya. Na leƙa. Sanarwar nan ce dai, yana gyara kwanan wata. Na fizge wayar na maka ta da katanga, kuma har gobe ban yi nadama ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta na shiga ɗakin Zakiya, matar Yaya. Tana zaune a tabarma cikin kayan takaba, ta cire 'yan kunne, ba kwalli a idonta. Liman ya tsaya a bakin ƙofa ya yi gyaran murya.

"Zakiya, kwanakin da kika riga kika zauna ba sa cikin lissafi, domin mijinki na da rai a lokacin. Sai ki faro daga farko."

Ta ɗago ta dube shi, ta dube ni. Sannan ta gyara mayafinta ta juya fuskarta bango.