Giɓin Layukan Kasuwa

Shekara tara Nu'uman ya yi a wani ƙaramin kamfanin intanet da ke GRA. Shi ya ja wayoyin, shi ya kafa eriyar Babbar Kasuwa. Don haka da mai kamfanin, Alhaji Garba, ya so a koya wa kwamfuta bambance abin da ke bi ta layukansu, bidiyo ne ko kira ko tura kuɗi, don a ba masu tura kuɗi hanya, Nu'uman bai yi zaton za a haɗa shi da kowa ba.

Sai aka haɗa shi da Furera, wadda ko wata huɗu ba ta cika a wurin ba.

Bayanan da suka tara duk giɓi ne. Wani layin bayanan babu tsawon lokaci, wani babu girman saƙo. Kowannensu ya haɗa tasa manhajar. Nu'uman ya goge duk layin da bai cika ba. Manhajarsa ta iya gane bidiyo, amma tura kuɗi sai ta riƙa kiransa kira.

Furera ba ta goge ko ɗaya ba. Ta cike kowane giɓi da matsakaicin layukan da suka yi kama da shi, ta kuma sa masa alama.

Ranar da aka gwada, manhajarta ta ci tara cikin goma.

"Ya aka yi haka?" in ji Alhaji.

"Giɓin ba haka kawai yake zuwa ba, Alhaji. Yawancinsa daga kasuwa ne, in an ɗauke wuta kafin janareto ya tashi. Masu tura kuɗin kuma can suke. Malam Nu'uman ne ma ya faɗa mini halin eriyar."

Nu'uman ya tuna. Da bakinsa ya faɗa, yana cin ƙosai, yana mita.

Alhaji ko waiwayowa bai yi ba. "Ke za ki je Abuja ki yi wa abokan hulɗarmu bayani."

Da suka fito ta ce, "Malam, in sa sunanka a takardar bayanin?"

"Mi zan yi da shi?"

Kwana uku yana amsa gaisuwarta a taƙaice. A na huɗu, da ta tafi, ya buɗe aikinta yana neman kuskure. Har la'asar yana dubawa. Ya sami harafi ɗaya da ta rubuta ba daidai ba, ya gyara, ya rufe kwamfutar ya fita alwala.