Kukan Feda

"Kashe shi," in ji Baba Mai Rediyo.

Ban kashe ba. Na ɗauka ƙarar ce ta yi masa yawa, sai na rage.

"Injiniya, cewa na yi ka kashe. Karatun naka har kunne ya cinye maka?"

Na kashe wayar. Yana kwance a gadon da aka fito masa da shi falo, an tokare bayansa da filo uku. 'Yarsa, wadda duk layinmu ke kira Anti Nas, tana tsaye bakin ƙofa da kofin magani a hannu.

"Kiɗan wa ka kawo mini?" ya tambaya.

"Faifanka ne, Baba. Na ɗaya."

"Ba shi ba ne."

Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasa. Na yi shekara tara a waje ina koyon aikin sauti, na dawo na kama aiki a inda ake haɗa tallace-tallace. Shi kuwa ya yi shekara arba'in yana gyaran rediyo a shagon da ke gaban gidansa. A farkon makon nan Anti Nas ta tare ni a ƙofar gida ta ce zuciyarsa ta gaji. Kwanaki ne suka rage, ba makonni ba. Ba ya tambayar abinci, ba ya tambayar likita. Abu ɗaya yake so, ya ji faifan.

Fayafayansa sun haura ɗari biyu, jere a kanta mai hawa huɗu. Bai jera su da sunan mawaƙi ba, da daɗin kiɗan gangar ciki ya jera su. Duk wanda ya zauna a falon nan ya sha bayani, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Na biyar, makaɗin ba ya sauri, yana bin waƙar a baya kamar mutumin da ya san motar ba za ta tashi ta bar shi ba. Na uku, a wani babban ɗaki aka ɗauka, kana jin bango yana mayar wa ganga martani. Na biyu, an sassauta fatar babbar gangar, duk bugu ɗaya kamar an jefo buhu daga kan mota. Na ɗaya kuwa bangonsa kore ne da ya koɗe, kuma mawaƙin bai iya waƙa ba.

"Akuya ce aka ba makirufo," haka Baba yake cewa. "Ka manta da shi. Saurari bayansa."

Garmahonsa ya shekara biyu ba ya juyawa. Don haka na karɓi faifan na kai wurin aiki, na kwafe shi a kwamfuta. Sannan na yi abin da aka koya mini. Na cire shuuu ɗin tsufa, na cire ƙaraf-ƙaraf na ƙura. Akwai wani siririn kukan ƙarfe da ke zuwa kafin kowane bugun gangar ƙafa, ƙiiƙ, ƙiiƙ, daga farkon faifan har ƙarshe. Shi ya fi ba ni wahala. Awa uku na yi ina tsince shi ɗaya bayan ɗaya. Da na gama na goge kwafin farko, don ban ga amfaninsa ba.

"Na wanke shi ne kawai, Baba," na ce. "Datti na cire."

"Ina kukan fedar?"

"Shi ma na cire."

Anti Nas ta ajiye kofin ta dube ni kamar na taka wa wani ƙafa a layin asibiti.

Baba ya ɗan huta, numfashinsa na fita da ƙyar. Sannan ya ce, "Ƙanena ne yake kiɗan. Ba su sa sunansa a bango ba. Hotonsa ɗaya da muke da shi, ruwa ya ci. Fedar da yake takawa ya buga gangar ƙafa, ni na haɗa masa ita da ƙarfen tsohon keke. Ranar da za su ɗauki faifan ya ce, Yaya, ɗiga mini mai a fedar nan. Na ce to. Wani ya kawo rediyo, na manta."

"Bai yi fushi ba?"

"Wata biyu bai gaishe ni ba. Bayan shekara ɗaya ciwo ya ɗauke shi." Ya nuna wayata da haɓa. "Gangar shi ne. Kukan nan ni ne. Awa nawa ka zauna a kai?"

"Uku."

"Awa uku kana fitar da ni daga wurin ƙanena. Sannu da aiki."

Ban ba shi haƙuri ba, ba shi yake nema ba. Na ce zan mayar da faifan wurin aiki in sake kwafowa, ba zan taɓa komai ba.

"Faifan nan ya gama yawo. Kuma wayarka ba ta da ciki, ganga ba ta zama a cikinta. Jawo garmahon."

Na ɗora shi a kan tebur kusa da gado, na kwance ƙusoshi huɗu. Injin ciki lafiya lau. Robar da ke juya farantin da ake ɗora faifai ce ta narke ta zama kamar kwalta. Na duba a waya. Sabuwa sai an yi odarta, mako uku.

"Mako uku," ya ce, ya yi dariyar da ta koma tari. "Nas, faɗa masa ko ina da mako uku."

"Baba, don Allah ka daina," in ji ta.

"Je wurin mai faci, ya ba ka tsohon tub na keke. Ka yanko zobe, faɗin ƙaramin yatsanka. Da reza, ba da almakashi ba."

Na je na dawo. Zobe na farko ya tsinke. Na biyu ya zauna. Na ɗora faifan, na sauke allura. Ganga ta shigo, Baba ya girgiza kai tun kafin akuyar ta buɗe baki.

"Ƙanena bai taɓa gudu haka ba. Wa ya biyo shi?"

Na sa manhajar awo a waya. Ya yi gaskiya, farantin ya ɗan zarce gudun da ya kamata, kaɗan ƙwarai.

"Robar ta yi kauri," ya ce, idonsa a rufe. "Goge cikinta da sanfefa. A hankali, ba fushi kake da ita ba."

Sau uku ina cirewa ina gogewa. A na uku ban kalli wayar ba, fuskarsa na kalla.

Shuuu ɗin ya fara zuwa. Sai ƙaraf-ƙaraf. Sai sanda ta bugi sanda sau huɗu, sannan ƙiiƙ, dum. Ƙiiƙ, dum.

"Yauwa," in ji Baba. "Ga mu nan."

Ya ce in matso da sifikar. Tsohuwa ce mai akwatin katako, ta yi ƙura. Na jingina ta da gado, ya ɗora tafin hannunsa a kanta. Na zauna a ƙasa na saurara. Na sha jin makaɗa a manyan ɗakuna masu tsada, kuma zan faɗi gaskiya, yaron ya iya. Hannunsa na hagu ba ya hutawa, yana ta 'yan ƙananan bugu a tsakanin manya kamar mai magana ƙasa-ƙasa. A waƙa ta uku na lura da wani abu. Yana jiran kukan fedar. Ya mayar da shi cikin lissafinsa, yana amsa masa da bugun farantin ƙarfen da ke gefen gangunansa.

"Baba, ai da kukan yake kiɗa."

"Sai yau ka ji? Nas, karatun ya fara aiki."

"Shekara talatin Mama tana cewa ɓera ne a cikin sifika," in ji Anti Nas.

"Uwarki ba ta da kunne. Shi ya sa ta aure ni."

Kwana biyu haka muka yi. Kafin in tafi aiki in shiga in ɗora masa gefe na farko, Anti Nas ta juya masa na biyu. Sau ɗaya ya nemi faifai na biyu da na biyar, ya saurari rabi ya ce a mayar da su wurinsu. A mayar daidai, kada a ɓata masa layi.

Rana ta uku da hantsi ina wurin aiki ta kira ni.

"Injiniya, ka zo. Baba ya tafi."

Na same ta zaune a bakin gado. Ta riga ta rufe shi, ta kira waɗanda za ta kira. Ba ta kuka. Faifan ya ƙare tuni, allurar tana zagaya layin ƙarshe, tik, tik.

"Ban san yadda ake ɗaga ta daga nan ba," ta ce. "Kullum shi yake cewa yanzu, sai in ɗaga. Ina tsoron in karce masa."

Na ɗaga allurar, na mayar da faifan cikin koren bangonsa, na sa shi a farkon kanta. Mutane sun fara taruwa a waje, ana buƙatar wuri. Na sunkuya zan janye sifikar daga jikin gado.

A kan ƙurar katakon akwai sawun tafin hannu, yatsu biyar. Wurin manuniya ya fi sauran gogewa, da ita yake bin kiɗan. Na kama sifikar ta gefe da gefe, na kai ta lungu.