Loma Ɗaya da Hannun Dama

Shekara ashirin muna ciyayya da Jibo. In an yi magariba kowa ya fito da akushin gidansa, mu zauna ƙofar gidana, ni da shi da Hama maƙeri. Jibo ɗan fito ne. Lokacin da Nasara ba su yi gada a Gaya ba, shi ke ƙetarar da fatake zuwa Dahomey cikin jirginsa. Ga ƙarfi, ga ci, ga taurin kai.

Wata safiya ya faɗi a bakin kogi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Da aka sallamo shi daga asibiti, lokotoro ya ce a riƙa motsa masa hannun kullum, kafin nan ya ci da hagu.

A nan aka samu matsala. Jibo ya ce hannun da yake tsarki da shi ba zai shiga akushin mutane ba. Matarsa Fatuma ta gwada ba shi a baki, ya kau da kai. Kunu kaɗai yake sha, shi ma sai an yi da gaske. Wata biyu, ƙato ya koma ƙashi da fata.

Fatuma ta same ni, ta durƙusa. "Malam Yusufu, amininka ba ciwon ne zai kashe shi ba, yunwa ce."

Na je da wayona, na ce mu duka za mu ci da hagu don kada ya ji kunya. Ya dube ni, da kyar ya haɗa maganar: "Ni na lalace, ku ma ku lalace?" Na ji haushi ƙwarai, na fita ina cewa a raina ya mutu mana. Ban kai gida ba na yi nadama.

Fatuma ce ba ta yi fushi ba. Kowace hantsi ta shafa masa man kaɗe, ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta sa masa curin dawo a tafi ta ce ya matsa. Ya zage ta, ta sake sa masa. Har damina ta wuce yatsun suka fara kamawa, amma hannun ya ƙi ɗaguwa.

Ran nan muna zaune sai ga shi yana jan ƙafa, ya dogara sanda. Muka matsa, muka ba shi wuri. Aka wanke masa hannu. Ya kama wuyan hannunsa na dama da na hagu, ya ɗauke shi ya kai cikin tuwon shinkafa. Yatsun suka yanko kaɗan. Ya ɗago, hannun na rawa, lomar ta faɗi a tabarma. Hama ya miƙa hannu zai taimaka, na danne masa gwiwa.

Sau uku tana faɗuwa. A na huɗu rabinta ya kai bakinsa. Ya daɗe yana taunawa, miya na bin gemunsa. Ni dai hawaye suka zubo mini, ban ɓoye ba.

Jibo ya haɗiye, ya sake kama hannun.

"Yusufu," in ji shi, "matso da akushin. Ya yi mini nisa."